Yadda Ake Shirya Motar Zamani Kafin a Gwada Abin da Ke Shanye Mata Batir

Mota ta kwana biyu ko uku a ajiye, an zo tayar da ita da safe sai ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. An canza batir, bayan mako biyu ta maimaita. A nan ne kowa ke yarda cewa akwai abin da ke shan wuta a ɓoye bayan an kashe inji. Abin da aka saba gani a gareji shi ne a cire kan batir, a jona ƙwan gwaji a tsakani, in ya kama sai a shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ya mutu. A kan Peugeot 504 wannan dabara tana aiki sarai. A kan motar da ke ɗauke da ƙananan kwamfutoci ashirin ko hamsin kuwa, ɓata lokaci ne, wani zubin har da ɓata kaya.

Dalilin shi ne motar yau ba ta mutuwa nan take don an zare makulli. Kwamfutocin inji, giya, ƙofofi, rediyo da na'urar tsaro suna ci gaba da magana da juna ta layin da ake kira CAN, sannan su kwanta ɗaya bayan ɗaya. Kamar ɗakin da yara ke barci ne: ka taɓa ɗaya ya farka, shi kuma ya tayar da sauran. Buɗe ƙofa, zare fiyus, ko kusantar motar da rimot a aljihu duk sun isa su tayar da su. Wanda ya auna mota tana farke zai ga amfiya biyu ko biyar a mita, ya yanke hukunci kan abin da lafiyarsa ƙalau. Saboda haka mafi yawan aikin yana cikin shiri: ka sa motar ta ɗauka an rufe ta an tafi, alhali duk inda kake buƙatar kai hannu a buɗe yake, kuma ba ka yanke mata wuta ko na daƙiƙa ɗaya ba.

Adadin da kake nema

Mota mai lafiya, bayan ta yi barci sosai, takan ja tsakanin miliamfiya 20 zuwa 50 (miliamfiya 1,000 ne amfiya ɗaya). Manyan motoci masu tarin na'urori sukan ɗan haura hakan, shi ya sa in ka samu adadin da kamfanin motar ya rubuta, shi ne abin bi. Lissafin kuma mai sauƙi ne. Miliamfiya 50 a awa 24 ya ba da 1.2Ah (amfiya-awa, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), wanda batir mai 60Ah zai ɗauka na makonni. Amma ƙwan fitila guda mai wat 5 da ya maƙale a kunne cikin but yana jan kusan miliamfiya 400, wato kusan 10Ah kowace rana. Kwana uku ko huɗu a haka, batirin ya faɗi ƙasa da abin da zai iya juya inji.

Mataki na 1: Tambayi mai motar

Kafin ka ɗauki sifana, zauna da mai motar. Kwana nawa take yi kafin ta ƙi tashi? Dare ɗaya yana nuna babban sha ko mataccen batir, mako biyu yana nuna ƙaramin sha. Yaushe abin ya fara? Me aka sa mata dab da lokacin? A ina yake ajiye makullin da dare? Ruwa ya taɓa shiga cikinta? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci a kan motocin Kwatano, domin akwai waɗanda ambaliya ta taɓa su tun a ƙasar da suka fito, tsatsa kuma tana cin mahaɗar wayoyi a ƙarƙashin kafet ba wanda ya sani.

Ka kuma tambayi irin tafiyar da yake yi. Wanda ke zuwa ofis na minti biyar da AC da fitila a kunne, sannan ya ajiye motar, yana iya ƙarar da batir ba tare da wata matsala a wayoyi ba.

Mataki na 2: Tabbatar da batir da altaneta

Gwajin da aka yi a kan raunannen batir ba abin dogaro ba ne, domin in wuta ta yi ƙasa wasu kwamfutocin sukan riƙa farkawa suna kwanciya barkatai. Yi wa batirin caji ya cika da na'urar caji, ka bar shi ya huta na wasu awanni, sannan ka auna. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. In ka ga 12.4 ya kai kashi uku cikin huɗu, 12.2 kusan rabi ne, ƙasa da 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. In kana da na'urar gwada ƙarfin batir, gwada shi, saboda batir kan nuna 12.6 amma ya durƙushe da zarar an ɗora masa nauyi. Zafi yana rage kwanan batir ƙwarai, don haka a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri kada ka yi mamakin ganin wanda bai daɗe ba ya gaji.

Tayar da inji ka auna a kan batir. Yawancin motoci za su nuna tsakanin 13.5 da 14.7. Wasu sababbi suna da caji mai hawa da sauka bisa umarnin kwamfuta, to in ka ga ya sauka na ɗan lokaci kada ka yi saurin zargin altaneta. Kunna fitila da fanka ka ga ko zai tashi. Daga nan sai ka wanke saman batirin da kawunansa. Ƙura da danshin asid a saman batir suna iya zama hanyar da wuta ke bi daga wannan kai zuwa wancan.

Mataki na 3: Kayan aiki da wuri

Za ka buƙaci malti-mita mai ramin 10A wanda ke da fiyus a ciki, kuma mai iya karanta milibolt. Duba bayanta da kyau: da yawa daga cikin masu arha ramin 10A ɗinsu ba shi da fiyus, har an rubuta cewa kada ya wuce 'yan daƙiƙu. Irin wannan ba ta dace da aikin da za a bar ta a jone na awa guda ba. Sai waya mai kauri mai bakin kama a kowane gefe, ko kuma makunnin yanke batir irin wanda ake ɗaurawa a kan negatif, sifana mai lamba 10, sukundireba, salatif, da takarda da biro. In kana da mitar matsewa, wadda ake kama waya da bakinta, ka tabbatar tana auna DC, wato wutar batir, har zuwa miliamfiya. Wadda masu wayarin ɗin gida ke amfani da ita galibi wutar AC irin ta gida kawai take karantawa.

Zaɓi wuri mai inuwa inda ba za a ce ka matsar da motar ba, kuma inda yara ko abokan aiki ba za su zo su jingina da ƙofa ba. Ka ware aƙalla awa biyu. Cire zobe da agogon ƙarfe, kuma ba a shan taba kusa da batirin da aka gama yi wa caji, saboda iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta.

In motar haibirid ce, irin su Prius ko Camry Hybrid, aikinka a kan ƙaramin batir mai bolt 12 ne kawai. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo tana ɗauke da ɗaruruwan bolt, ba a taɓa ta.

Mataki na 4: Nemo batir da duk akwatunan fiyus

Ba kowace mota ce ke ajiye batir a gaba ba. BMW da Mercedes da dama a but suke sa shi, Touareg yana ƙarƙashin kujerar direba, Grand Cherokee na 2011 zuwa 2021 kuma yana ƙarƙashin kujerar mai zaman gaba. Wasu Mercedes ɗin suna da ƙaramin batir na biyu. Akwatin fiyus ma yakan kai biyu, uku ko huɗu: a wajen inji, a gefen dashbod, ƙarƙashin sitiyari, ko a but. Nemo su duka, cire murafansu, ka ɗauki hoton jerin fiyus ɗin tun yanzu. In kujera ce mai lantarki ta tare hanya, matsar da ita yanzu, domin bayan motar ta kwanta ba za ka sake taɓa wannan maɓalli ba.

In kana da na'urar karanta kwamfutar mota, jona ta ka rubuta duk lambobin matsala da ka gani, musamman masu nuna yankewar magana tsakanin kwamfutoci. Da ka gama, zare ta daga ramin OBD. Wannan rami yana da wuta ko da motar a kashe take, na'urar kuma tana iya hana motar barci.

Mataki na 5: Kayan da aka ƙara wa motar

A nan nake saɓawa da masu cewa a cire komai tun farko. Tiraka (na'urar bin sawun mota), allon Android, amfilifaya, kyamarar gaba, ƙararrawar tsaro da aka ƙara, cajar waya da aka bari a rami: waɗannan su ne farkon abin zargi a motocin da ke yawo a titunanmu, sau da yawa saboda an jona su a wayar da wuta ba ta yankewa. In ka cire su kafin gwaji, mita za ta nuna lafiya, ka mayar da motar, gobe mai ita ya dawo. Abin da ya fi shi ne ka rubuta jerinsu, ka nemo inda kowanne ya samu wuta, ka bar su yadda mai motar yake barin su. Bayan ka samu adadin farko sai ka riƙa cire su ɗaya-ɗaya kana kallon mita.

Game da tiraka, a sanar da mai motar tukuna. Wasu suna aika saƙon gargaɗi in an yanke masu wuta, wasu kuma an haɗa su da abin da ke hana inji tashi.

Mataki na 6: Jona hanyar gwaji, sannan a zaga da motar

Akwai matsalar da ke ɓacewa da zarar an cire kan batir. Kwamfutar da ta maƙale ta ƙi kwanciya, in an yanke mata wuta sai ta dawo daidai, ta yi kwanaki kafin ta sake. Wanda ya fizge kan batir ya goge shaidar da ya zo nema. Banda haka, wasu motocin sukan nemi lambar sirrin rediyo, gilashi ya daina hawa da kansa, agogo ya koma sifili.

Hanya mafi tsafta ita ce makunnin yanke batir. Ɗaura shi tsakanin kan negatif da wayarsa, ka rufe shi yadda wuta ke wucewa, sannan ka fita da motar na kamar minti ashirin zuwa talatin. A hanya kunna komai: AC, rediyo, fitilu, gilasai, waifa, duk abin da mai motar ke amfani da shi. Tunda ɗaura makunnin ya yanke wuta na ɗan lokaci, wannan zagayen ne zai dawo da motar halin da take ciki a hannunsa.

In ba ka da makunnin, waya mai bakin kama za ta yi. Sassauta notin negatif amma kada ka ɗaga. Kama bakin waya ɗaya a jikin wayar negatif ko a ƙarfen jikin mota mai tsabta, ɗaya bakin kuma a gindin kan batirin, sannan ka ɗaga a hankali. Wuta tana bi ta wayarka, motar ba ta san an yi komai ba. Da wannan siririyar hanya ba a tayar da inji, ko kusa, don haka sai an dawo daga zagayen an kashe inji ake jona ta.

Motoci da yawa na yanzu suna da ƙaramar na'ura a maƙale da kan negatif mai lura da cajin batir. Bar ta a jikin wayarta da fulogin ta a jone. Ka shiga tsakanin kan batir da ita, yadda duk wutar da ke fita sai ta bi ta hannunka.

Mataki na 7: Yaudarar ƙofofi

Wannan shi ne gundarin shirin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Dawo da motar, sa giya a P, ja birkin hannu. Kashe fitilu gaba ɗaya, kada ka bar su a AUTO. Kashe rediyo da fanka. Sauke gilashin direba har ƙasa, saboda za ka kulle motar, kuma ba ka so ka tsinci kanka a waje. Kashe inji, fito da makulli.

Buɗe bonet, da ƙofar da ke kusa da akwatin fiyus na ciki, da but in akwai batir ko fiyus a can. Sauran a rufe su. Yanzu kowace ƙofa da ka bari a buɗe sai ka sa motar ta ɗauka a rufe take, hanyar kuwa iri biyu ce. A motocin Japan da yawa, kamar tsofaffin Corolla da Accord, akwai ɗan maɓalli mai hular roba a jikin ginshiƙin ƙofa. Danne shi da abin matsewa ko ka ɗaure shi tam da salatif. A yawancin motocin Turai da Ford, maɓallin yana cikin sakatar ƙofar ne. Sa sandar sukundireba a bakin sakatar ka tura ciki har ka ji ta yi ƙas sau biyu. Ƙas ɗaya rabin rufewa ne, kwamfuta za ta ci gaba da ganin ƙofa a buɗe. Haka za ka yi wa but.

Bonet ma yana da nasa a motoci masu na'urar tsaro ko tayar da inji daga nesa. Wani a cikin sakata yake, wani kuma sanda ce mai lotsawa a gefen mazaunin inji. Akwai motocin da ba za su kwanta ba sam muddin suna ganin bonet a buɗe. Duba dashbod kafin ya ɗauke: in har alamar buɗaɗɗiyar ƙofa tana nan, da sauran aiki. Fitilar rufin ciki ma ya kamata ta dushe da kanta.

Kada ka manta da ƙananan fitilu: ta aljihun dashbod, ta madubin kare rana, ta but. Hanya mai sauƙi ta gane ko suna mutuwa ita ce ka sa waya tana ɗaukar bidiyo a ciki, ka rufe, ka buɗe ka duba. Yi wannan kafin ka fara ƙirga lokaci.

Mataki na 8: Kulle, sannan nesanta makulli

Kulle motar da rimot kamar yadda mai ita ke yi, domin wasu motocin sun fi saurin kwanciya, kuma sun fi yin nisa a barcin, in an kulle su. In tana da na'urar jin motsi a ciki, kashe ta tukuna. Motocin Turai da dama suna da maɓallin hakan. In ba haka ba, hannunka na shiga wajen fiyus ƙararrawa za ta tashi.

In motar mai tashi da maɓalli ce, kai rimot ɗin nesa, mita goma ko fiye, ko ka sa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Na biyun ma haka. Ka gaya wa duk wanda ke wurin kada ya taɓa marikin ƙofa, saboda taɓawa kaɗai tana sa motar ta fara neman makullinta. Wannan ne ma ya sa aka tambayi inda makulli ke kwana: in a jikin taga ake rataye shi, motar kuma tana bayan tagar, wasu motocin ba sa samun cikakken barci.

Mataki na 9: Shigar da mita

Baƙar waya a ramin COM, ja a ramin 10A, a juya zuwa amfiya DC. Kullum daga 10A ake farawa, domin fiyus ɗin ramin miliamfiya ƙarami ne, galibi bai wuce rabin amfiya ba, motar da ke farke za ta ƙona shi nan take. Jona wayoyin mitar a gefe biyu na makunnin, ko gefe biyu na wayar da ka kama, da bakin kama mai riƙewa, ba da hannu ba. Jira 'yan mintuna bayan kullewa, sannan ka buɗe makunnin ko ka cire wayar. Yanzu duk wutar tana bi ta mita. Duk lokacin da za ka canza rami ko ma'auni, mayar da makunnin tukuna. Muddin mita tana tsakani, ba a kunna makulli, ba a danna rimot.

Da mitar matsewa ba sai ka kwance komai ba. Danna maɓallin sifili kusa da batirin, ka matse duk wayoyin da suka fito daga negatif, ka tabbatar bakinta ya rufe ruf. Ka riƙa sake sa ta a sifili, saboda takan zame in ta daɗe.

Mataki na 10: Jira, kana rubutawa

Rubuta lokaci da adadi duk bayan minti biyar. Za ka ga yana sauka mataki-mataki: amfiya 'yan kaɗan da farko, sai ɗaruruwan miliamfiya, sai ya zauna. Wata motar minti goma ya ishe ta, wata sai arba'in da biyar, wata ta haura awa guda. Lura da wurin ɗigo: a ma'aunin 10A, 0.03 miliamfiya 30 ne, lafiya ke nan, 0.30 kuwa 300 ne.

Ba duk tashin adadi ne matsala ba. Motocin Toyota da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da ɗan famfo da ke gwada yoyon tururin fetur kimanin awa biyar bayan an kashe inji, ya yi 'yan mintuna ya tsaya. Na'urorin sadarwa ma sukan farka su koma. Abin da ke nuna matsala shi ne adadin da ya ƙi sauka, ko wanda ke tashi yana sauka a kai a kai ba hutawa. In mitarka tana da MIN/MAX, mai riƙe adadi mafi ƙanƙanta da mafi girma, kunna shi ka bar ta ta kwana, musamman ga motar da ke yin abin jifa-jifa.

In adadin ya zauna sama da ƙa'ida, kada ka zare fiyus. Ɗauki mita ta biyu a milibolt DC, ka ɗora tsinayenta a kan 'yan ƙarafa biyu da ke bayan kowane fiyus. Wanda wuta ba ta bi ta cikinsa zai nuna sifili. Wanda ya nuna wani abu, layinsa yana aiki. A fiyus na 10A irin na yau da kullum, milibolt 1 yana daidai da kusan miliamfiya 130. A na 20A kuma kusan 300. In duk fiyus sun nuna sifili amma wuta tana fita, koma kan altaneta, domin dayod ɗinta, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, in ya lalace yana barin wuta ta koma ta babbar waya. Ita wannan waya kullum da wuta take, sai an cire negatif gaba ɗaya ake kwance ta.

Mayar da komai

Rufe makunnin ko ka mayar da wayar kamawa, cire mita, ka ɗaure kan negatif da kyau yadda ba ya juyawa da hannu. Nan take ka zare jar waya daga ramin 10A ka mayar da ita ramin bolt. Wanda ya manta ya ɗora ta a kan batir ya haɗa kawunan batirin biyu kai tsaye ta cikin mitarsa. Buɗe motar da rimot. Kafin ka rufe kowace ƙofa, ja marikinta ka ga sakatar ta koma a buɗe, haka but, haka bonet ta hanyar jan igiyarsa daga ciki. In aka buga ƙofa sakata tana kulle, tana iya lanƙwashewa ko ta fashe. Cire salatif daga maɓallan ƙofa, mayar da murafan fiyus, ka tayar da inji ka gwada gilasai, rediyo da agogo kafin ka miƙa makulli.